Abin da aikin duba kunkuru ya koya mana game da ciwon numfashi

A Katsina da Daura, ciwon numfashin kunkuru ya fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke saukar da sanyin asuba ƙasa da digiri 15. Darasi na farko da wannan aiki ya koya mana shi ne, sau da yawa ciwon daga daɓen gida yake farawa. Babban kunkurun nan na Sahel da ake kiwo a gidaje, a daji rami yake haƙawa ya shige, inda zafi ba ya sauyawa sosai dare da rana. A tsakar gidan da aka shafe da siminti ba shi da mafaka, sai ya kwana a kan daɓe mai sanyi. Jikinsa kuwa ba ya samar da ɗumi da kansa, in ya yi sanyi garkuwar jikinsa ta raunana, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Ƙirar jikinsa ma tana ƙara masa wahala. Huhunsa a sama yake, manne da ƙoƙon bayansa, kuma ba shi da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, don haka ba ya iya tari. Majinar da akuya za ta fyato, a kunkuru taruwa take yi a huhu. Shi ya sa ba a kifar da shi rigingine don a duba shi, kayan ciki za su danne huhun.

Alamun farko ƙanana ne: kumfa a hanci, ido ya kumbura ko ya rufe, ya daina kula ciyawa. In ya kai ga miƙa wuya yana buɗe baki, ko ana jin ƙara a numfashinsa, ciwon ya yi nisa. Kififfiya da sauran na ruwa suna da tasu alamar, su riƙa iyo a karkace ko su kasa nutsewa, saboda huhu ɗaya ya cika.

Kafin a kai ga likitan dabbobi, a fara da ɗumi. A sa shi a ɗakin da iska mai sanyi ba ta shiga, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙe zafin wurin tsakanin digiri 28 da 30 dare da rana, da ma'aunin zafi a daidai inda yake kwance. Ƙwan lantarki mai zafi ya isa, a rataye shi a gefe ɗaya yadda zai iya matsawa in zafi ya dame shi. Kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙin ya fi sanyin illa. Kullum a jiƙa shi minti 15 zuwa 20 a ruwa mai ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, a tsane shi sosai. Maganin da aka ba kunkuru mai sanyin jiki ba ya aiki yadda ya kamata, wannan mun tabbatar da shi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɗauko maganin awaki a yi masa. Allurar ivermectin, maganin tsutsar ciki da ake yi wa tumaki, guba ce ga kunkuru, tana shanye masa jiki har ta kashe shi. Allurar bitamin A ma in ta yi yawa tana saɓule masa fata. Gaskiya ne ƙarancin bitamin A na lalata fatar cikin hanci da ido, amma a abinci ake gyara shi: ciyawa ce tushe, a ƙara ganyen zogale, ɗan karas da kabewa. Maganin ƙwayoyin cuta kuwa sai likita ya auna nauyinsa. Ceftazidime, alal misali, ana yin miligiram 20 ga kowane kilo duk bayan awa 72, galibi a ƙafar gaba, kuma ba a daina allurar don kawai hanci ya bushe.

Sai batun sabon kunkuru. Ƙwayar Mycoplasma da ta herpes, masu kawo ciwon numfashi, suna iya zama a jikin wanda ya warke, yana yaɗa su ba tare da alama ba. Wanda aka sayo ko aka kawo kyauta a ware shi aƙalla wata 3, da kwanon ruwansa daban, a riƙa wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, musamman yara, saboda ƙwayar cutar Salmonella da ke kashinsa, mai kama mutane.