Digirin nas ba mafakar wanda ya rasa likitanci ba ce

Wallahi abin yana min ciwo in na ji ana cewa wai wance ba ta samu likitanci ba ne shi ya sa ta faɗa karatun nas. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san waye ke kan mara lafiya cikin tsakar dare, likita zai zo zagaye ya duba ya rubuta ya wuce, amma nas ce za ta lura numfashi ya canza, ko bugun zuciya ya haura 100 alhali ɗazu yana 80, ko fitsarin da ke cikin leda ya ragu, kuma ita za ta yanke shawarar a jira ne ko a taso likita yanzun nan. Wannan lurar ita ake koya a digirin, ba allura da ƙarin ruwa kawai ba.

Kuma karatun ba sauƙi fa. Shekara 3 ne a Ingila, 4 a Amurka, wasu ƙasashen har 5, ka haddace sassan jiki, ka san yadda kowanne ke aiki, ga ƙwayoyin cuta, ga lissafin magani wanda ni a ganina shi ne mafi nauyi, don maganin yaro da nauyin jikinsa ake auna shi, ka kuskure gurbin ɗigo ɗaya a cikin lambar lissafi ka ninka maganin sau 10. Sannan ga fostin, wato zuwa koyon aiki a asibiti, aikin dare, wankin ciwo, juya mara lafiya kar bayansa ya yi gyambo. Ka gama ma a ƙasashe da yawa sai ka ci jarabawar lasisi, ta Amurka ita ce NCLEX.

Bayan nan hanyoyi da yawa suke. Akwai tiyata, ɗakin kulawa ta musamman, wankin ƙoda, ɗakin bakwaini, unguwarzoma, masu taɓin hankali, rigakafi, ko ka yi mastas ka koma koyarwa. Maza ma su shigo don Allah, aikin na kowa ne.

Tun 1860 da Florence Nightingale, fitacciyar nas ta Ingila, ta buɗe makarantarta ta koyar da nas a asibitin St Thomas na Landan aikin ya zama ilimi mai tsari, amma har yau hannu bai isa ba, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce akwai giɓin nas miliyan 5.9 a duniya, kuma mafi yawan giɓin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi yake.