Alƙawarin tela da littafin awo

Mutane sun riga sun yanke mana hukunci cewa tela maƙaryaci ne. Ana faɗa ana dariya, mu ma muna taya dariyar, amma ni da na tashi a cikin sana'ar a unguwar Fagge ta Kano na san yawancinmu ba da niyyar ƙarya muke cewa "ka dawo jibi" ba. Lokacin da tela yake faɗar haka, har zuciyarsa ya yarda jibin ne. Abin da bai sani ba shi ne mutum nawa ya riga ya ce wa jibi, domin babu inda ya rubuta, kayan kuma suna jibge a lungu ɗaya, na Alhaji a kan na ɗan makaranta, na ango a ƙarƙashin duka. Wanda bai san nauyin da ke kansa ba, alƙawarinsa zai tashi a ƙarya ko da shi mutumin kirki ne.

Haka shagona yake sa'ad da na bar hannun maigidana na buɗe nawa. Awon wani a bayan kwalin sabulu, na wani a jikin bango da alli, na wani a gefen shaddar kanta. Tef ba ɗaya gare ni ba, amma idan kwastoma ya tsaya a gabana ya ware hannuwa, sai an ɗaɗɗaga tarin yadi kafin a ga ko guda. Hannuna yana da kyau a yanka, don haka nake ganin wannan hargitsi alamar kasuwa ce, shagon da yake fes kuwa shagon da ba ya samun aiki ne.

Da abin ya ishe ni, maganin da ya fara zuwar mini shi ne shara. Ranar Juma'a da safe mu fitar da komai waje, mu kakkaɓe, mu ninke, mu jera. Kafin Talata shago ya koma gidan jiya. Shara tana gyara abin da ya riga ya ɓaci ne kawai, ita kuwa ɓarnar ta ƙofa take shigowa, a daidai lokacin da mutum ya miƙo leda, muna gaisawa ana tambayar iyali, na karɓa na cilla kan tebur na ce "an gama, Alhaji". Duk rigimar da za ta tashi a daren sallah, a wannan gaisuwar aka ƙulla ta.

Abin da ya gyara mini wannan, na daɗe ina ganinsa ina yaron shago ban ɗauke shi komai ba. Maigidana ba ya barin mai kaya ya juya sai ya warware yadin a gabansa ya auna. Idan an ce wa mutum yadi biyar a Kantin Kwari alhali huɗu da rabi ne, a nan take zai sani, ba sai wando ya fito ɗangalalle a ce tela ya ci yadi ba. Daga nan ya sa almakashi ya ciri ɗan ƙyalle kamar faɗin babban yatsa daga kusurwa, ya manna shi a littafi kusa da sunan mai shi. A ƙasa ya jera awo: tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, tsawon wando, ƙugu, cinya, bakin ƙafa. Sai irin ɗinkin, hannun links ne ko sake, aljihu nawa, wane aiki za a yi a wuya kuma da wane launin zare. Sai kuɗin da aka yi tsada, abin da aka bayar na kafin alƙalami, da ranar karɓa. Kowane shafi yana da lamba, lambar nan kuma ita zai rubuta da alli a bayan yadin, ya sake rubuta ta a takarda ya jefa cikin ledar. Wata rana da na je gaishe shi na tarar da mutane zaune a benci suna jiransa, shi kuwa yana ta rubutu a natse. Na ce, "Baba, ga jama'a na jira." Bai ɗago ba ya ce, "Su jira yau, ya fi su jira ranar idi."

Ƙyallen nan shi ne abin da ba a gane amfaninsa sai an shiga goman ƙarshe na azumi. Rabin abin da ake kawowa farar shadda ce, kuma fari ba ɗaya ba ne. Akwai mai ɗan duhun shuɗi, akwai mai ja da baya zuwa ruwan madara, akwai mai ƙananan zane da sai ka karkata ta ga haske za ka gani. Da ƙarfe biyun dare, a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai kashe ido, dukansu abu guda ne. Yaro ya ɗauki hannun wannan ya haɗa da jikin waccan, ɗinki ya yi kyau, a goge a ninke, sai mai kaya ya fita filin idi rana ta tona asiri. Idan shaddar Getzner ce, wadda ake saƙawa a Ostiriya, wani lokaci kuɗin yadi ɗaya ya fi ladan ɗinkin gaba ɗaya, to ka ga hannun riga guda ya cinye ribar mako. Tun da na fara manna ƙyalle da rubuta lamba a kan kowane yanki da na yanka, har aljihu da wuya, wannan masifar ta bar shagona.

Amma littafin ya yi mini wani aiki da ya fi wannan, ya sa na iya ƙirga. Da can idan aka tambaye ni kaya nawa ke hannuna sai in ce "da ɗan dama". Da na fara buɗe shafi ina gani, sai lissafi ya fito fili, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce shago yana gama kaya huɗu a rana daga yanka har guga. Azumi kwana 29 ne ko 30. Cire ranakun da wuta za ta ƙi zuwa, da ranar da za a je jana'iza, da la'asar ɗin da ƙishirwa ke sa ƙafa ta yi nauyi a kan keke, abin da zai rage bai fi kwana 25 ba. Kaya ɗari ke nan. Telan da ya karɓi ɗari da sittin ya riga ya yi wa mutum sittin ƙarya tun ranar da ya karɓa, ko da zai kwana a kan keke har gari ya waye. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma a sana'armu kwaɗayin ba na kuɗi kaɗai ba ne, har da kunyar cewa a'a. Yaya za ka dubi abokin mahaifinka ka ce masa littafi ya cika?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi ba ni wuya, kuma har yanzu ba ta daina ba. Dabarar da na samu ita ce in bar littafin ya yi magana a madadina. In buɗe in nuna masa: "Kawu, duba, ga inda layi ya kai. Idan na karɓa, sai bayan sallah da kwana uku. In kuwa dole ranar idi za a sa, ga wane can, hannunsa yana da kyau." Wasu suna fushi su tafi. Da yawansu suna dawowa kafin babbar sallah, wadda tsakaninta da ƙarama bai wuce kwana saba'in ba, kuma su ne yanzu suke kawo kayansu tun watan Sha'aban ba tare da na roƙe su ba. Nakan kuma bar ɗan gurbi a lissafin da gangan, don na san dole wani zai zo wanda ba a iya mayarwa, ko suruki ko limamin unguwa.

Wani abin da na daina shi ne yanka da yawa a lokaci guda. Yanka yana da daɗi, kana gani kamar aiki yana tafiya, ka yanka kaya goma sha biyar ka tara. Amma kayan da aka yanka ba a haɗa ba ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari, saboda ya zama gutsattsari masu ɓacewa, kuma babu ko ɗaya da za ka miƙa wa mai shi. Yanzu ba na yanka sabo sai wanda ke kan keke ya sauka. Wani kwastomana da ya yi aiki a wata masana'anta a Bompai ya ga kantata mai hawa huɗu, wanda ba a yanka ba, wanda aka yanka, wanda ya tafi aikin wuya, wanda ya gama, sai ya yi dariya ya ce ai abin da kamfanin Toyota ya gina tsarinsa a kai ke nan a Japan tun shekarun 1950, inda injiniyansu Taiichi Ohno ya sa ana amfani da kati don kada wani sashe ya ƙera abin da na gaba da shi bai shirya karɓa ba. Na ce masa ni dai a Fagge na gani.

Kantar ce kuma ta nuna mini inda aikin yake maƙalewa. Ina zaton kekena ne ya yi kaɗan, har ina tara kuɗin ƙaro wani. Sai na lura hawa na uku ne kullum a cike: rigunan da aka kai wa mai aikin wuya. Shi ma tela ashirin yake yi wa aiki, kuma dukanmu a mako guda muke tura masa. Ƙarin keke ba abin da zai yi sai ƙara masa tari. Sai na juya tsarin, duk rigar da ke da aiki a wuya ita ake fara yankawa a tura tun farkon azumi, marasa aiki su biyo baya, tunda su a hannuna suke daga farko har ƙarshe.

Batun kuɗi ma littafin ne ya tsamo ni. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, kusan kowa ta waya yake biya. Wani ya turo da asusun matarsa, wani da na mai POS, saƙon banki ya zo da sunan da ban sani ba, ko ya zo bayan kwana biyu. Telolin da ke riƙe lissafi a ka sun sha rantsuwa a ƙaramar sallar shekarar. Ni duk wanda ya ce ya turo, sai in rubuta a shafinsa a gabansa, da adadin da sunan da ya turo da shi. Ba sabon abu ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar kuma, tayar da janareta ya zama abin da sai an yi shawara, sai na koma tara duk aikin da ke buƙatar wuta, wibin (ɗinkin da ke kama bakin yadi kada ya warware) da guga, a yi shi a zama ɗaya, awo da yanka da sa maɓalli kuwa a yi su da hasken rana.

Kayan aiki ba su ci mini lokaci ba. Ƙusa a bango ga kowane almakashi da tef, gwangwani ga kwarkwaro da allura, zare a jere bisa launi, buhu ɗaya na ƙyalle a ƙarƙashin tebur. Dokar guda ce, ba a rufe shago sai kowace ƙusa da abinta. Yaran suna bi idan sun ga ina bi, ranar da na yi sakaci kuwa su ma sun huta.

Hotunan salo da ake turowa ta WhatsApp su ne ban gama shawo kansu ba. Mutum ya turo hoto uku cikin dare, ya biyo da saƙon murya cewa wuyan na farko yake so da aljihun na uku, bayan mako kuma ya ce ba haka ya faɗa ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in zana abin da na fahimta a shafinsa, in ɗauki hoton zanen in mayar masa, kuma almakashi ba ya taɓa yadinsa sai ya amsa da "haka ne".