Ku Faɗa da Hausa Kafin Ku Nemi Kalmar Italiyanci

Ƙannena masu shirin zuwa Italiya karatu ko neman abinci, da waɗanda suka riga suka sauka suna fama da yaren, yawancinku kuna jin Turanci, kuma da shi kuke neman kalmar Italiyanci. Ni ma haka na fara: in tuna kalmar Turanci, in buga ta a waya, in ɗauki abin da ya fara fitowa. Wannan hanya tana aiki ga sunan tebur da taga. Inda take jefa mutum cikin matsala shi ne ƙananan kalmomin Turanci na yau da kullum, waɗanda guda ɗaya ke ɗauke da ma'ana uku ko biyar, alhali Italiyanci ya ba kowace ma'ana sunanta daban.

Kuskuren da har yau nake jin nauyinsa a wasiƙa na yi shi. Wani ɗan'uwa mai aiki a wurin wankin mota ya ce in rubuta wa ubangidansa, yana neman hutunsa na shekara don ya je gida ya gano mahaifiyarsa. Doka tana bayansa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Italiya ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashinsa, wata doka ta 2003 kuma ta ce kada ya gaza mako huɗu. Na tsara maganar da Turanci a kaina, kalmomi biyu suka fito, "right" da "leave". Ta farko na mayar da ita "ragione", domin kullum ina jin ana cewa "hai ragione". Ta biyu na mayar da ita "lasciare". Abin da na rubuta shi ne "ho ragione di lasciare il lavoro". Jimlar ta zauna daram, shi ya sa ban yi kokwanto ba. Amma ma'anarta ita ce: ina da dalilin barin aikin nan. Maigidan ya karanta, ya fara neman wanda zai maye gurbinsa. Abin da ya ceci ɗan'uwan nan shi ne, tun watan Maris na 2016, ajiye aiki irin nasa sai an cike takarda ta musamman ta intanet, wasiƙar hannu ba ta wadatar. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar ƙwadago ce ta gyara mana da kalmomi huɗu: "ho diritto alle ferie".

Da na saurari abin da ya faɗa mini da Hausa, da ban ɓata ba. Cewa ya yi, "Haƙƙina ne a ba ni hutu." Hausa ta riga ta raba abin da Turanci ya cakuɗa. Haƙƙi shi ne "diritto". Hannun dama "destra". Daidai "giusto". "Hai ragione" kuwa ma'anarsa ita ce kana da gaskiya, har tsarin jimlar iri ɗaya ne da namu. Haka ɗayar kalmar: hutun aiki "ferie", barin abu "lasciare", tashi zuwa tafiya "partire", izinin fita na 'yan sa'o'i "permesso", wanda kuka sani a sunan takardar zama, "permesso di soggiorno". A ganina babbar asarar da muke yi ita ce raina harshenmu, mu ɗauka sai ta Turanci ake isa yaren Turai.

Ku lura da "free". Idan mai gida ya ce ɗakin "libero" ne daga farkon wata, yana nufin babu kowa a ciki. Kyauta sunanta "gratis" ko "gratuito". Na taɓa faɗa wa wani sabon zuwa cewa ba zai biya watan farko ba, saboda na bi ta Turanci na fito ta ƙofar da ba ita ba, ya kuwa kashe kuɗin hayar a wata hidima. Akwai 'yar togaciya: "ingresso libero" a ƙofar gidan tarihi ko wurin taro yana nufin shiga ba tare da biya ba, don haka irin wannan sai a haddace shi dunƙule.

"Time" ma uku ce: lokaci "tempo", ƙarfe nawa "che ore sono", sau uku "tre volte". "Date" kuwa, kwanan wata a takarda "data", ranar da aka ba ka ka je ofis "appuntamento", dabinon buɗa-baki "dattero". Bahaushe ba zai taɓa haɗa waɗannan ba in da Hausa yake tunani.

Sai dai kada ku ɗauka Hausa ba ta da nata. Sani ɗaya gare mu, su biyu gare su. Na san Musa, na san Napoli, wannan "conoscere" ne. Na san ya zo, wannan "sapere" ne, kuma shi ne dai iya, kamar "so guidare", na iya tuƙi. Wanda ya fi haɗari shi ne zafi. Idan maras lafiya ya ce yana jin zafi, ku tambaye shi: na gumi ne ko na ciwo? Na farko "ho caldo", na biyu "mi fa male", a nuna wurin. Duk wanda ya raka ɗan'uwa asibiti ya yi masa tafinta, ran mutum aka ba shi amana, tambaya ɗaya ba ta rage masa komai.

Yadda nake yi yanzu, sai na faɗi jimlar gaba ɗaya da Hausa, da babbar murya in hali ya yi. Sannan in buɗe ƙamus in karanta ma'anonin da aka jera duka da misalansu, ba layin farko kaɗai ba. Kalmar da na zaɓa kuma in sake duba ta a ƙamus na Italiyanci zalla, irin Treccani da ke intanet kyauta, in ga da waɗanne kalmomi take tafiya. A littafinku ku rubuta "perdere il treno" da "mi manchi" kowanne a dunƙule, na farko jirgi ya tafi ya bar ka, na biyu ina kewarka, duk da Turanci "miss" yake ce musu su biyun. Wannan zai yi muku rana a jarrabawar Italiyanci, domin takardar zama ta dogon lokaci tana buƙatar matakin iya yare da ake kira A2, zama ɗan ƙasa kuma na gaba da shi, B1, tun ƙarshen 2018.

Duk takardar da za ta je wurin mai gida, ubangidan aiki ko ofishin shige da fice, kada ta fita daga hannunku sai wanda ya ƙware ya karanta. Malaman makarantun manya na gwamnati da ake kira CPIA da ma'aikatan ƙungiyoyin ƙwadago sun saba da irin wannan. Kada ku tambaye su ko jimlar daidai ce, domin tawa ma daidai take a nahawu. Ku ce su faɗa muku abin da suka fahimta, ku kwatanta da abin da kuka faɗa da Hausa tun farko.