Na je Gombe neman kifin da ba na miya ba

Jiya da magariba na dawo Bauchi da kula a kan cinyata, har yanzu ƙafafuna ba su gama sakewa ba. Tankin gilashin da na haɗa a falo mai cin lita 60 ne, ya daɗe da ruwa da yashi da tsirrai amma babu kifi ko ɗaya, domin sai an bar ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin kifi sun zauna a cikin matatar, abin da kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Da lokaci ya yi, wani abokin aikina ya haɗa ni da kawunsa a Gombe, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya koma kiwon kifin ado.

Hanyar Alkaleri barci na sha. Abin da ya farkar da ni zafin Gombe ne. Mu a Bauchi muna kukan zafi, amma wanda ya sauka a tashar Gombe da azahar zai san muna cikin ni'ima. Mai keke kuma da ya ji ni baƙo ne ya ninka kuɗi ba ko kunya, sai da muka yi ta ja.

Malam bai yarda mu yi maganar kifi ba sai da na sha fura na yi sallah. Sannan ya buɗe wani ɗaki a gefen da rana ba ta bugawa. Tankuna jere a kan benci, famfon iska yana ta huci da batirin sola, ruwan garau kamar babu shi. Na nuna wasu 'yan ƙanana masu zanen shuɗi da ja da ke walƙiya, na ce waɗannan nake so, a haɗa mini da mai ruwan zinaren can, da wancan mai baza jela.

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, gidan haya za ka haɗa, ba ka tambayi halin masu shiga ba."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu walƙiyar, niyon tetara, 'yan kogin Amazon ne, ruwa mai laushi, wato marar yawan ma'adinai, suke so, kuma in ɗuminsa ya wuce digiri 26 ko 27 sai su fara rama. A watan Maris da Afrilu ruwan da ke cikin ɗaki a ƙasarmu kan haura 30, ga ruwan burtsatse mai nauyi, wato mai yawan ma'adinai. Kifin zinare shi ma na ruwan sanyi ne, yana girma ya kai tafin hannu ko ya fi, kashinsa da yawa, kuma tsirran da na sha wahalar dasawa zai tumɓuke su ya cinye. Mai baza jelar, beta, ɗan ƙasar Tailan ne, yana jure zafi, yana kuma shaƙar iska daga saman ruwa, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta cika kashe shi ba. Amma maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, kuma in ya ga namijin gufi, wani ƙaramin kifin ado, da jela mai launi sai ya ɗauke shi kishiya ya bi shi da cizo. Akwai wasu masu zanen damisa da suka burge ni, ya ce waɗannan sana'arsu yagar jelar duk wani mai tafiya a hankali.

Na tsuguna a gaban wani tanki na ga wata 'yar gufi, cikinta ya yi tulu, ta maƙale a bayan ganye. Muna kallo ta saki ɗa, ba ƙwai ba, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, ya nutsa ya ɓuya a cikin saiwa. Malam ya ce kusan duk wata haka suke, shi ya sa ake sa namiji ɗaya mata biyu ko uku don kada ya gajiyar da guda. Gufi da filati, wani ƙaramin kifi da shi ma yake haihuwa, su ne suka dace da ruwanmu mai nauyi da zafinmu. A ƙasa kuma a sa kori, wasu 'yan ƙananan dangin tarwaɗa masu gemu, su shida, domin in su kaɗai ne ba sa sakewa, kuma yashi mai laushi suke so don kada tsakuwa ta cinye musu gemu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani tsiro mai kaurin ganye da ya ɗaure a jikin dutse da zare. Anubiyas, wanda Turawa ke saye da tsada, asalinsa dazukan Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Najeriya. Ba a binne gindinsa a yashi, ruɓewa yake, kuma ba ya buƙatar haske mai yawa. Haka kiribensis, kifi mai jan ciki, ɗan kudancin Najeriya da Kamaru ne. Na so shi ƙwarai, amma in ya yi ƙwai yakan kori kowa, lita 60 ba za ta ishe shi da maƙwabta ba. Ya ba ni takaici a ce arzikin ruwanmu ya fi daraja a Jamus fiye da nan.

Ciniki kuwa babu shi. Na sayi gufi da kori a kuɗin da bai kai na motata zuwa da dawowa ba, anubiyas ɗin kyauta ya ba ni, ya ƙara da abincin kifi a leda. Da na matsa sai ya ɓata rai ya ce baƙon ɗan'uwansa nake.

Washegari na leƙa Dadin Kowa don in ga madatsar da aka yi wa kogin Gongola. Masunta mutanen kirki ne, da suka ji abin da ya kawo ni suka ciko mini roba da 'ya'yan ƙarfasa da tarwaɗa, kyauta. Na yi godiya na mayar. Ƙarfasa tonon yashi take ta cinye ganye, tarwaɗa kuwa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Soyayyen na ci a bakin hanya, ya fi na Bauchi araha nesa ba kusa ba. Masarsu dai ba ta kama ƙafar tamu ba.

A hanyar dawowa wani jami'i a shingen bincike ya sa na buɗe kular a tsakiyar rana. Na ce, "Yallaɓai, zafi zai kashe su." Ya ɗaga ledar yana jijjigawa, yana tambaya wa zai ƙoshi da waɗannan. Wata dattijuwa a motar ce ta yi masa magana kafin ya ajiye.

Da na iso na bar ledojin suna yawo a saman tankin kusan minti ashirin don ɗumin ruwan ya daidaita, sannan na sake su. Gufin sun fara cin abinci da safen nan, korin har yanzu suna ɓoye a bayan dutse.