Manhajar Islamiyyar unguwarmu: inda na kai a rabon matsayi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Manhajar da nake haɗa wa Islamiyyar unguwarmu a nan Gwale ta iso matakin shiga asusu, kuma nan ne aikin ya fi cin lokacina. Mutane iri uku ne za su yi amfani da ita. Shugaban makaranta yana ganin komai, har da kuɗin wata. Malami yana shigar da hadda da makin ajinsa. Iyaye kuwa su duba sakamakon 'ya'yansu, iyakarsu ke nan.

Da Django nake aiki, wato wani tsarin gina manhajar yanar gizo da harshen Python. Tambayar da ta fara tsayar da ni ita ce ko in ware wa kowane rukuni teburinsa a rumbun bayanai: na malamai daban, na iyaye daban, kowa da ƙofar shigarsa. Nan hankalin yawancinmu ke fara zuwa, don a ido ya fi tsari. Abin da ya rushe wannan shawara shi ne malaman da 'ya'yansu ke karatu a makarantar, kuma kun san a Islamiyya ba a rasa su. Mutum ɗaya ne, shi ke koyar da aji uku, 'yarsa kuma tana aji ɗaya. In aka raba tebur sai ya riƙe asusu biyu da kalmar sirri biyu, ranar da ya sauya layi a gyara wuri biyu. Don haka teburin masu asusu ɗaya na yi, matsayi kuma na ɗora shi a kan Group na Django, wanda ya yarda mutum ya zauna a rukuni fiye da ɗaya.

Mai shirin farawa ya riƙe wannan: a saita AUTH_USER_MODEL, wato saitin da ke gaya wa Django wane ne teburin masu asusu, kafin a gudanar da migrate na farko, umarnin da ke ƙirƙirar tebura a rumbun bayanai. Su kansu masu Django haka suka ba da shawara, domin sauya shi a tsakiyar aiki yana taɓa duk teburin da ke jingine da mai asusu. Ni na gina nawa a kan AbstractBaseUser da PermissionsMixin, tubalan da Django ya tanada don asusu da izini, na sa lambar waya a USERNAME_FIELD, wato ita ce sunan shiga, saboda iyaye da yawa ba ruwansu da imel amma kowa ya haddace lambarsa. Sai dai wani zai rubuta ta da sifili a gaba, lamba 11 cif, wani ya fara da +234. Dole a mayar da su siga ɗaya kafin a ajiye, in ba haka ba mutum ɗaya ya zama biyu.

Kalmar sirri ba ta ba ni aiki ba. Django yana dagula ta da wata dabara mai suna PBKDF2 kafin ya ajiye, yadda ba za a iya karanta ta ba, na bar shi a haka.

Fom ɗin rajista ba shi da gurbin zaɓen matsayi ko kaɗan. Dalili kuwa, duk abin da ya taso daga burauza mutum zai iya sauya shi, ko an ɓoye gurbin. Wanda ya yi rajista da kansa ba ya ganin komai sai shugaba ya haɗa shi da yaransa, kuma shugaba ne kawai ke ɗaga mutum zuwa matsayin malami.

Inda na fi daɗewa shi ne nan. Manhaja ta gane wane ne kai, ta kuma san kai uba ne, amma wannan bai isa ba. Wanda aka yi wa iso zuwa soro ba a ce ya leƙa kowane ɗaki ba. Sakamakon yaro yana buɗewa da adireshin da ke ƙarewa da lamba, a ce 41. Idan abin da kawai sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, ke dubawa shi ne ko mai nema yana rukunin iyaye, to duk uban da ya mayar da 41 zuwa 42 zai ga makin ɗan maƙwabcinsa, ya ga ko ana bin su kuɗin wata. Ɓoye maɓalli ba ya hana wannan. Izinin da Django ke zuwa da shi ma ba ya hanawa, don shi kan tebur gaba ɗaya yake magana, ba kan yaro ɗaya ba. Irin wannan ɓaraka ta izini ce OWASP, ƙungiyar da ke bibiyar tsaron manhajoji, ta sa a lamba ta ɗaya a jerinta na manyan haɗurra na 2021.

Abin da na yi shi ne tacewa tun daga tushe. Ba na neman yaro a cikin dukkan ɗalibai, sai a cikin waɗanda ke haɗe da mai nema: uba 'ya'yansa, malami 'yan ajinsa. Malamin da 'yarsa ke wani aji yana ganin makinta, amma ba zai iya taɓa shi ba, don gyara na malamin ajinta ne. Wanda ya nemi abin da ba nasa ba 404 (babu wannan shafi) nake mayar masa maimakon 403 (ba ka da izini), don kada ma ya san ko akwai yaro a wannan lambar. Na ɗauki abin da zafi saboda bayanan yara ne, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 a ƙasar nan, ga kuma mutuncin magidancin da wata ya yi wa nisa.

Kowace ƙa'ida na rubuta mata gwaji da force_login, wanda ke shigar da ni a matsayin kowane mai asusu ba sai da kalmar sirri ba: in shiga a matsayin uba in nemi ɗan wani, in shiga a matsayin malami in nemi lissafin kuɗi. Gwajin ya ci ne kawai idan an kore ni.

Kwamfuta ɗaya ce a ofis, hannu da yawa ke taɓa ta, Django kuwa mako biyu yake barin mutum a ciki in ba a sauya ba. Na kunna SESSION_EXPIRE_AT_BROWSER_CLOSE, saitin da ke fitar da mutum idan an rufe burauza. Malamin da ya bar aiki ba na goge shi, is_active nake kashewa don ya daina iya shiga, saboda makin da ya shigar yana ɗaure da sunansa.

Saura mantuwar kalmar sirri. Tura lamba ta saƙon tes yana cin kuɗi, makarantar kuma ba ta da rarar hakan, shi ya sa a yanzu shugaba ke ba da ta wucin gadi, mutum ya sauya ta da shigarsa ta farko. Wanda ya taɓa haɗa wannan cikin rahusa, don Allah ya nuna mini yadda ya bi.