Kwana biyu a Ada tare da masu ƙirga tsuntsaye

Jiya da daddare na dawo Nima, har yanzu in na kakkaɓe takalmi yashi ke zubowa, bari in rubuta tun abun bai huce ba. Ɗan yayata Nuhu da ke karatu a Jami'ar Gana a Legon shi ya ja ni. Wai duk watan Janairu akwai ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a ƙasashe da yawa, malaminsu ya tura su Ada su uku kuma ba su da mota. Na ce kai Nuhu, mu mutanen Nima ma wa ya san yawanmu balle tsuntsu? Ya ce Kawu ka dai zo, mai da abinci a kanmu. Jin haka na rufe shago.

Hanya ba labari sai da muka wuce Sege, nan wani mai kaki ya tsayar da mu a shinge. Ya buɗe but ya ga madubin hangen nesa da ƙafafunsa uku, sai ya haɗe rai wai kayan awon fili ne, mu masu sayar da filin mutane ne. Nuhu ya miƙa masa takarda ko kallo bai yi ba, ni kuma ya kalli hulata ya ce "Alaji yi magana mana", kun dai san maganar. Na ce ba ni da magana. Minti arba'in muna tsaye a rana, ƙarshe don kansa ya kafa ido a madubin, ya hango wata mai kankana can nesa kamar a gabansa take, ya fashe da dariya ya ce mu tafi. Ko haƙuri babu.

A Kasseh muka sauka gidan wani Alhaji mai albasa, abokin babana ne tun zamanin kasuwar Agbogbloshie, ban taɓa ganinsa ba sai a waya. Wallahi mutumin nan ya ba ni kunya. Ɗakinsa ya bar mana, Hajiya ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo ta soya karfasa manya, da na ce a rage wahala sai ya ce "ɗana, ubanka ya riƙe ni wata uku a Akara ban biya ko kwabo ba, ci abinci." A Nima yanzu baƙo ya kwana biyu an fara tambayarsa yaushe zai koma, ni ma ban cire kaina ba.

Da asuba bayan salla muka nufi tabkin Songor. Ni da na ɗauka ruwa zan gani shuɗi, ashe rabinsa laka ce da ta tsattsage, da farin gishiri tsibi tsibi, ga hazo ya rufe ko'ina. Wani ma'aikacin kula da namun daji ya tarye mu, dattijo ne ɗan asalin Ada mara son hayaniya, shi ya gaya min wurin yana cikin dausayoyin da Gana ta sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi a 1992, tare da Keta, Sakumono, bakin kogin Densu da Muni na Winneba, Owabi ta Kumasi kuwa ta riga su tun 1988. Ramsar ɗin ma ashe sunan gari ne a Iran, can aka sa hannu a 1971, ni duk zatona sunan wani Bature ne.

Yadda suke ƙirgar ne ya ɗaure min kai. Ba ɗaya biyu uku ba ne, sai mutum ya ƙirga goma ya riƙe girman gungun a ido, sannan ya dinga aunawa goma goma yana danna wani ɗan ƙarfe a hannu ƙyas ƙyas, ɗaya na kallo ɗaya na rubutu. Ana tsaka da yi wani kare ya ratso, duk suka tashi, Nuhu kamar ya yi kuka, aka koma farko. Na gane zalɓe da balbela, sauran kuwa ƙanana ne masu dogon baki suna caccakar laka, wai daga Turai suke, wasu ma daga can ƙarshen arewa inda ƙanƙara take, su yi sanyin a nan su koma. Nuhu ya ce Kawu zo ka gani, na leƙa, sai ga wata farar tsuntsuwa mai tsinin baki da zobe a ƙafa, ɗan ƙarfe kamar na yarinya. Wani ne ya sa mata a wata ƙasa, in an karanta lambar za a san inda aka sa mata shi. Na tuna yaran layinmu nawa suka bi ta Agadas da Libiya don su kai inda wannan ƴar abar ke zuwa ta dawo duk shekara ba fasfo. Na yi shiru kawai.

Wata yarinya a cikinsu ita ruwa take aunawa. Ta ɗiga a kan wata na'ura kamar tocila ta leƙa ta rubuta. Ta ce ruwan teku gishirinsa wajen giram 35 ne a lita, na tabkin in rani ya yi yana zarce haka, kuma in gishirin ya canza kifi da kaguwa da tsutsar laka su ma su canza, tsuntsu kuma inda abinci yake nan yake sauka. Wato ƙirga tsuntsun hanya ce ta jin lafiyar ruwan. Aikin nan tun shekarun 1980 ake yin sa a gaɓar Gana, Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu na cikin waɗanda suka kafa shi, shi yasa suna iya buɗe littafi su ce bana kaza, shekara ashirin baya kaza. Mu fa? Babban gwatan Nima kowa zai ce maka da ba haka yake cika ba, amma tambayi mutum da ɗin ina ruwan ke tsayawa, sai musu. Bayan ambaliya da gobarar Circle a Akara ta 3 ga Yuni 2015 mun yi kuka mun yi addu'a, robar fiya wata kuma ba mu fasa zubawa ba.

Da yamma Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku. Mai kwalekwale ya ce sidi 400, na ce ko Makka za ka kai ni, muka yi ta ja har 250, daga baya na ji ya ɗauki wasu ƴan gari a abun da bai kai rabi ba. Tsadar wurin nan ta masu zuwa hutu ce, kwakwa ɗaya sai ka ce da zinariya a ciki. Amma shi ya nuna mana kututturan kwakwa a tsaye cikin ruwa wajen Totope, ya ce nan gidaje ne da. Dattijon nan ma'aikacin namun daji ya ce tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 yashin da kogi ke kawowa gaɓa ya ragu, teku kuma tana ta ci. Ya ce a 2023 da aka saki ruwan dam ɗin har Mepe ta nutse, su ma nan ƙasa sun ji a jikinsu.

Dare muka bi masu sintirin kunkurun teku, tafiya a yashi har ƙafata ta mutu, jar fitila kawai aka yarda a kunna. Kunkurun ba mu gani ba, sai sawunta kamar taya ta tarakta ta fito daga ruwa ta koma. Suka auna faɗin sawun suka rubuta wurin ramin. Wai zafin yashi ke sa ƙwai ya zama mace ko namiji, in zafi ya yi yawa mata sun fi yawa. Na ce to Allah Ya kawo musu mazaje.

Keta ba mu kai ba, mai ya yi ƙasa. A dawowa muka bi ta Tema bakin teku don su leƙa Sakumono, gidajen bene sun shigo har cikin ciyawar, ban ma fito daga mota ba. Alhaji ya cika min but da albasa da kankana, ni kuma na sayo gishirin Songor rabin buhu, uwargida ta buɗe ta ce duk tafiyar nan ba kifi sai gishiri?