Ranar da jadawalin kuɗin makaranta ya nutse mana a WordPress

Bara waccan ne shugaban Islamiyyar unguwarmu ya tsayar da ni bayan sallar la'asar, ya ce ɗana tunda kana taɓa harkar kwamfuta ka taimaka ka buɗe mana shafi a intanet, iyaye sun dame mu da kira, kullum tambaya ɗaya, nawa ne kuɗin zango, yaushe za a koma. Na ce to Allah gafarta Malam, in sha Allahu. A daren na ɗora musu WordPress, wato manhajar da ake gina shafin intanet da ita, washegari aka kawo min takardu cike da leda, tarihin makaranta, jadawalin kuɗi, lambobin waya, sanarwar hutu, har da hotunan saukar Alƙur'ani ta shekarar.

A gefen hagu na dashbod, wato wajen da mai shafi ke sarrafa komai, akwai inda aka rubuta Posts, wato fostin, ƙasa kaɗan akwai Pages, wato feji. In ka buɗe kowanne kusan abu ɗaya za ka gani, wajen sa take da wajen rubutu, shi ya sa ban tsaya wani dogon tunani ba, duk abin da na ciro daga ledar nan sai na zuba shi a matsayin fostin. Wata guda komai lafiya lau.

Sai aka yi walimar sauka. Malamai suka yi ta turo min hotuna a WhatsApp, kowane aji da nasa, na yi fostin sun fi goma sha biyu a sati ɗaya, kuma shi WordPress in ba ka canza masa ba fostin 10 kawai yake nunawa a fuskar farko, sabo a sama tsoho na gangarawa ƙasa, to kun ga jadawalin kuɗi ya nutse can baya inda ba mai leƙawa. Kira ya dawo sabo fil. Amma abin da ya fi min ciwo shi ne da aka ƙara kuɗin zango, maimakon in gyara na da sai na yi sabon fostin na bar tsohon a wajen, wani bawan Allah ya bincika a Google tsohon ya fito masa, ya haɗo kuɗin ƴaƴansa uku daidai da abin da ya gani, ya zo ofis aka ce masa ai bai cika ba. Ina wajen. Ya ɗago wayarsa mai fasasshen gilashi yana nuna wa ma'aji, ya ce Malam ai ga shi nan ku kuka rubuta. Wallahi gaskiyarsa ce, mu muka rubuta, ni na rubuta.

Daga ranar na zauna na fahimci abin da kyau. Fostin kamar takardar sanarwa ce da ake ba yara su kai gida, tana da kwanan wata, gobe wata za ta zo ta hau kanta kuma ba komai, haka aka yi ta. Feji kuwa sayinbod ne na bakin get, guda ɗaya ne, in lambar waya ta canza mai fenti ake kira ya goge ya gyara a wajen, ba a kafa na biyu kusa da shi.

Kuma asalin manhajar ma ya nuna haka. Lokacin da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress a 2003 ba shi da feji sam, fostin ne kawai a jere bisa kwanan wata. Sai a 2005 da sigar 1.5 ta fito aka kawo feji, saboda akwai abubuwan da ba su da ruwa da yau ko jiya, irin su waye mu da ina za a same mu. Shi ya sa har yanzu fostin ne ke da katagori da tag, wato hanyoyin rarraba rubutu rukuni-rukuni, kuma shi ke shiga RSS, wato jerin da ke kai wa mabiya shafi sababbin rubuce-rubuce, feji ba ya shiga, shi abin da yake da shi uwa da ƴaƴa ne, wato za ka iya sa wani feji a ƙarƙashin wani. Haka na yi, na buɗe fejin Shiga Makaranta, a ƙarƙashinsa na sa Kuɗin Zango da Fom da Dokoki, na jera su a minu na sama inda ko wa ya buɗe da waya zai gani ba sai ya ja ƙasa ba. Na shiga Settings, wajen Reading, na mayar da fuskar farko ta zama tsayayyen feji, sanarwa da hotuna na ba su ɓangarensu daban.

Wani abokina ya ce ai da ka manna fostin ɗin a sama kawai, akwai wannan damar ta stiki. E akwai, amma ni a ganina maganin kwana biyu ne, ya dace da sanarwar jarrabawa ko hutun Sallah, abin da za a yi shekaru ana nema bai kamata ya zauna da kwanan watan bara a goshinsa ba, uwa na gani za ta ce wannan ai tsoho ne ko da jiya aka gyara shi.

Gyaran bai yi wuyar da na zata ba, don a cikin rumbun bayanan duka biyun a tebur ɗaya suke zaune, wp_posts, layi ɗaya ne mai suna post_type ke cewa wannan fostin ne wancan feji, kuma akwai fulogin, wato ƴar ƙarin manhaja da ake ɗora wa WordPress, mai suna Post Type Switcher da ke juya su ba sai ka sake taifin ba. Inda za a kula shi ne link, nawa na da duk da shekara da wata a jikinsu, da na juya su suka canza, ga shi an riga an raba tsofaffin a guruf ɗin iyaye, dole na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa musu ridairek na 301 don duk wanda ya danna tsohon ya faɗa sabon. Tsohon jadawalin nan kuwa shi na fara gogewa.

Akwai waɗanda suka ɗan ba ni wahala dai. Sakamakon musabaƙa na bar shi fostin tunda kowace shekara da nata kuma ana so a waiwaya a ga na baya. Jerin malamai na yi shi feji ɗaya, su goma sha wani abu ne kawai, da sun kai ɗari da sai in yi musu nasu nau'in na daban, WordPress ya ba da wannan damar sosai tun sigar 3.0 a 2010.

Yanzu wata malama ce ke kula da shafin, na zauna da ita sau biyu a ofis na nuna mata. Satin da ya wuce ta kira ni ta ce Yaya an canza lokacin tashi daga ƙarfe shida zuwa biyar da rabi, sabo zan yi ko in gyara? Na ce duka biyun, ki gyara fejin Lokutan Karatu, sannan ki yi gajeren fostin ki sanar ki sa link ɗin fejin a ciki. Kafin magariba ta turo min na duba a wayata, ta yi daidai.